Uwargida, Ke Ma Fasinja Ce, Ba Ƙunshin Kaya Ba

Yau zancenmu a wannan fili na tafiya ne, watau tafiyar miji da mata a jirgin ƙasa, da irin shirin da ya kamata a yi mata tun daga cikin ɗaka.

A ƙasashen Turai, in watan Yuli da na Agusta suka kama, an ba yara hutu, gari ya yi ɗumi, sai ki ga miji da mata sun ɗauki 'yan jakunkunansu sun nufi tashar jirgi. Tun 1959 aka fito da wani tikiti mai suna Eurail domin baƙi masu zuwa daga wasu nahiyoyi, a 1972 kuma aka yi wa 'yan gida nasu, mai suna Interrail. Da tikiti ɗaya mutum zai shiga jiragen ƙasashe 33, ya kwana a Faransa, ya wayi gari a Italiya. Abin da ya ɗauke mini hankali game da su shi ne yadda suke shirin. Tun watanni kafin ranar tashi za su shimfiɗa taswira a gabansu su biyu, kowa ya san garin da za a sauka, da kuɗin da za a kashe, da inda takardunsa suke.

Na san wata za ta ce, to, ina ruwan matar Dambatta ko Makoɗa ko Kunci da wannan? Da ruwanki, 'yar'uwa. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, watau ta tsakiyar gonakinmu. A shekarar nan dai aka ƙaddamar da na Kaduna zuwa Kano. Ban da wannan, akwai magidanta da yawa a garuruwanmu da suka riga suka hau jirgin Kaduna zuwa Abuja tare da iyalinsu, wasu domin asibiti, wasu domin ganin jika. Waɗanda Allah ya nufa da Umara kuwa sun ga jirgin da ke tsakanin Makka da Madina. Har akwai waɗanda ɗansu ko 'yarsu ke karatu a Turai, aka gayyace su bikin gama makaranta. Saboda haka maganar ba ta yi mana nisa kamar yadda ake zato ba.

To, in tafiya ta taso a gidajenmu, yaya ake yi? Maigida ne zai yanke rana, shi zai sayi tikiti, shi zai riƙe kuɗi, ya haɗa takardunsa da na matarsa ya cusa a aljihun 'yar ciki. Ita kuwa aikinta ta soya guzuri, ta yi kitso da lalle, ta bi shi a baya. In ka tambaye ta sunan tashar da za su sauka, sai ta ce, "Malam ya sani." A ganina wannan ba daidai ba ne, kuma akwai haɗari a cikinsa. Mace baliga mai hankali, wadda ke riƙe da gida da 'ya'ya shida, tana lissafin ribar ƙuli-ƙuli har kwabo, ba ta kamata a tafi da ita kamar buhun gero ba.

Abin mamaki, kakanninmu sun fi mu sanin jirgi. Hanyar dogo ta iso Kano a 1911, ta wuce zuwa Nguru a 1930 ta Jogana da Zakirai da Ringim. Turawa ba domin mata suka shimfiɗa ta ba, domin gyaɗa da auduga da fatu ne, gyaɗar nan da iyayenmu suka noma aka yi dala da ita a Kano. Amma duk da haka mata sun shiga. Matan fataken goro sun bi mazansu zuwa Agege da Sabon Badun, jirgi ya bi da su ta Zariya da Kaduna da Minna, ya haye gadar Jabba, ya gangara Ilori, tafiyar kilomita fiye da 1,100 kafin a kai Ikko. Tsohuwar da ta yi wannan tafiya za ta gaya miki tashar da ake sayen doya, da wadda ake cika buta, da wadda ba a runtsawa saboda ɓarayi. Da jirgin ya lalace, motoci suka karɓe hanya, sai wannan sani ya bi tsofaffi. An farfaɗo da jirgin Ikko zuwa Kano a watan Disamba na 2012, a lokacin yana cin fiye da awa 30 a hanya, amma yawancin matan da ke aure yanzu ba su taɓa taka ƙafarsu cikin tarago ba. Jirgin da ke dawo mana kuwa sabon salo ne, da wayar hannu da lambar shaida ake shigarsa.

Bari mu fara da lokaci, domin nan ne mai kwaikwayon Bature zai fara yin tuntuɓe. Lokacin hutunsu shi ne tsakiyar daminarmu. A watan Yuli da Agusta ana noman farko da maimai, ana huɗa, ana zuba taki. A wannan yanki namu na arewacin Kano, inda gida ke kallon gida, gona ta haɗa iyaka da gona, ba a barin fili ya huta, kuma ba mai gonar da ta isa ya yi wasa da ita. Manomin da ya bar gonarsa mako biyu cikin Agusta, ciyawa ce za ta yi masa maraba. Wannan maigida ya san shi sarai, ba sai an tuna masa ba.

Abin da ba ya tunawa shi ne naki. Da damina dabbobi a turke suke, ba a sakinsu don kada su shiga gonar maƙwabci a yi ta shari'a gaban mai unguwa. Akuyoyin nan da tumaki, waɗanda galibi na matan gida ne, kullum sai an yanko musu ciyawa, an ba su dusa da ruwa, an share turken. Su ne bankinki. Su za ki sayar in auren 'yarki ya zo, ko ciwo ya faɗo cikin dare. Ga kaji, ga zubin adashi da ba ya jiran kowa, ga masu sayen furarki ko man gyaɗarki waɗanda in suka aiko yaro sau uku ba su samu ba za su koma gidan maƙwabciya, ba lalle su dawo ba. In aka tsai da ranar tafiya ba a yi shawara da ke ba, duk wannan ba wanda zai sa shi a lissafi. Shi ya sa na ce bakinki ya shiga maganar tun ranar farko, cikin ladabi, amma ya shiga.

In tafiyar ta zaɓi ce, ziyara ko sada zumunci, a bari sai kaka ta wuce. An girbe gero, an cire gyaɗa, an roro wake, dawa ta shiga rumbu, an ɗaure harawa an ɗora a kan bishiya ko soro, an saki dabbobi su yi kala. Daga Disamba zuwa Fabrairu ke nan, kafin zafin bazara ya sauko. A lokacin ne kuma kuɗi ke hannu. Sai dai gidajen da ke noman rani a bakin dam ɗin Tomas ko na Watari, su nasu lissafin dabam ne, don lokacin da wasu ke hutawa su ke ban ruwan tumatir da albasa. In kuwa tafiyar ta dole ce ta faɗo cikin damina, kamar jinya, ko bikin makarantar yaro, ko Umara da azumi ya zagayo, to, sai a yi magana a fili da wanda za a bar wa amana. A ce masa ga akuya kaza, ga buhun dusa, ga ladanka in mun dawo. Barin amana a kan "ai ta gida ce, za ta duba" shi ke kawo ɓacin rai tsakanin faccaloli.

Akwai wani abu da nake roƙon iyaye mata a kansa. Kada a cire yarinya daga makaranta mako biyu ko uku don ta riƙe gida. Na ga ana yin haka kamar ba komai ba. Yarinyar da ke aji uku na sakandare, jarrabawa na gabanta, a ce ita ce mai tuwo, ita ce mai raino, ita ce mai yankan ciyawa, yayyenta maza kuwa suna dandali. In babu kaka ko gwaggo da za ta zo ta zauna, a ɗaga tafiyar zuwa lokacin hutu.

Gidan da ke da mata biyu ko uku kuma, maganar wadda za a tafi da ita ba ƙarama ba ce. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai yi tafiya ƙuri'a yake yi tsakanin matansa. Maigidan da ya saci jiki ya sayi tikiti biyu, abokiyar zama ba ta ji ba sai da ta ga ana ɗaure kaya, ya kunna wutar da za ta daɗe ba ta mutu ba. Ke kuma da aka zaɓa, ki tuna a hannunta za ki bar 'ya'yanki. Ki shiga ɗakinta da kanki ki yi mata sallama, ki tambaye ta abin da take so a sayo mata, kuma ki sayo.

Yanzu sai takardu, kuma a nan zan ɗan daɗe. Jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a watan Yuli na 2016 mai tafiyar kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, ya koma sayar da tikiti ta intanet a 2021. Da ya dawo aiki a watan Disamba na 2022 bayan harin da aka kai masa, hukumar jiragen ƙasa ta ce ba mai sayen tikiti sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda ake kira NIN. Ma'anar wannan ita ce tikitinki da sunanki yake, da lambarki, da lambar kujerarki. Na maigida ba zai shigar da ke ba. Mata nawa ne a ƙauyukanmu ba su da wannan lamba? Nawa ne suke da ita amma an rubuta sunan ba daidai ba, a takarda ɗaya Hauwa'u, a wata Kulu, a wata kuma Jummai? A gida duk ke ce, amma ma'aikacin da ke bakin ƙofa da na'ura a hannu bai san haka ba. Gyaran suna kuwa yana cin lokaci, ba aikin daren tashi ba ne. Ki fito da takardunki yau, ki ba 'yarki 'yar makaranta ta karanta miki su ɗaya bayan ɗaya, ku ga ko sunan da ranar haihuwar sun yi daidai.

Mai fita waje kuwa nata ya fi yawa. Fasfo nata ne ita kaɗai. Akwai katin rigakafin shawara, mai zuwa Saudiyya kuma da allurar sanƙarau. Ƙasashe 29 na Turai sun haɗu a kan biza ɗaya da ake kira Shengen, wadda ke ba baƙo izinin kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma ba a ba da ita sai an nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ana iya nemanta tun wata shida kafin tafiya, saboda haka mai son tashi a Yuli, tun sanyi bai wuce ba zai fara. Ingila ba ta cikin wannan haɗaka. Akwai jirgin da ke bi ta ƙarƙashin teku tsakanin Landan da Faris tun 1994, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci, amma in ba ki da bizar Ingila ta dabam, a bakin ƙofa za a tsai da ke. Haka kuma tikitin nan na Eurail bai wadatar a jirage masu gudu da na kwana ba, sai an sake biyan kuɗin kama kujera.

Me ya sa nake nacewa kowa ya riƙe nasa? Saboda jirgi ba motar haya ba ne. Direban Dambatta zuwa Kano in kika ce masa, "Tsaya, maigidana ya sauka sayen ruwa," zai yi tsaki amma zai tsaya. Jirgin ƙasa a Jamus ko Faransa minti ɗaya ko biyu yake yi a ƙananan tashoshi, ƙofa ta rufe da kanta, ba kwandastan da za ki yi wa magiya. Wasu jiragen ma a tsakiyar hanya ake raba su biyu, taragun gaba su nufi wani gari, na baya su nufi wani. Mu ƙaddara maigida ya sauko da akwati ɗaya, ya juya zai karɓi na biyu, ƙofa ta rufe da ke a ciki. Fasfonki na aljihunsa, tikiti na cikin wayarsa, kuɗi na jikinsa, ba ki jin harshen mutanen, ba ki san sunan masaukinku ba. Ko a Rigasa ko a Madina irin wannan na iya faruwa cikin turmutsutsu. Shi ma fa mutum ne, ciwon suga ko hawan jini na iya kayar da shi a hanya, ya zama ke ce za ki yi magana da likita.

Maganin abin ba wuya. Takardunki su kasance a jikinki, cikin 'yar jaka ƙarƙashin hijabi, hotonsu kuma a wajensa, hoton nasa a wajenki. A rubuta miki a takarda, da biro, sunan tashar da za ku sauka, da adireshin masauki, da lambar waya uku: tasa, da ta mai masaukinku, da ta wani a gida. Waya tana mutuwa, ana kuma sace ta. Sa'an nan ku yi alkawari tun a gida cewa in kun rabu, wanda jirgi ya tafi da shi zai sauka a tasha ta gaba ya tsaya cak a inda ya sauka, wanda aka bari ya biyo jirgi na gaba. In kowa ya shiga neman kowa, sai a kwana ana saɓani.

Kuɗi ma haka. Iyayenmu mata ba su tafiya sai da lalita ɗaure a ƙugu, kuma ba wauta suka yi ba. Ki riƙe abin da zai kai ki gida ko masauki ke kaɗai in ta kama. Wadda ta ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, lokacin da mai dubbai a banki ya rasa na sayen koko, ba sai an gaya mata kada ta dogara da kati kaɗai ba. In akuya za ki sayar domin wannan, ki aika da ita kasuwar Dambatta ranar Lahadi tun da sauran lokaci. Mai sayarwa cikin gaggawa dillalai na ganinsa suke gane shi.

Ku kuma 'yan makaranta, ga inda karatunku zai yi rana. A wasu tikitocin jirgi ba a rubuta safe ko yamma. In kin ga 14:30, ƙarfe biyu da rabi na rana ke nan, 06:15 kuwa shida da kwata na safe. Ki zauna da Inna ki koya mata wannan, ki nuna mata inda lambar tarago take da inda lambar kujera take. Ki zana mata hanyar a bayan littafinki, gari bayan gari. Ki koya mata yadda ake cajin waya da yadda ake kiran lamba in ba a ajiye ta da suna ba. Kada ki yi mata dariya in ta manta, ita ta koya miki ɗaura zane.

Guzuri ba sai na koya wa Bahaushiya ba. Dambun nama, da ƙuli-ƙuli, da dakuwa, da alkaki, da dabino, da soyayyar gyaɗa, duk suna kwana ba su lalace ba. Fura da nono da danwake a bar su a gida. A cikin ƙasa ke nan. In za a ƙetare iyaka sai a yi hattara, domin ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigo da nama ko madara daga waje, kilishin da kika kashe kuɗi a kansa a kwandon shara zai ƙare, wataƙila har da tara. Hukumar alhazai kuma kowace shekara tana gargaɗi a kan ɗaukar goro zuwa Saudiyya. Jirgin Makka zuwa Madina da aka buɗe a 2018, mai cinye kilomita 450 cikin awa biyu da wani abu, yana da iyakar girman jakar da ake shiga da ita, ba a yarda da irin manyan buhunan tsarabarmu ba. Dokar da zan ba ki ita ce, kada ki ɗauki kayan da ba za ki iya hawa matakala da su ke kaɗai ba. Ki sa rigar sanyi a sama-sama, domin na'urar sanyaya tarago ba ta san kin saba da zafin Bichi ba.

Saƙo kuwa, kada ki karɓa a ƙulle, ko daga wa ya fito. Kunya ce ke kashe mu a nan. Maƙwabciya ta kawo ƙulli ta ce a kai wa ɗanta, kin ji nauyin kwancewa a gabanta. Kwance shi. Ba mu manta da ɗalibar nan 'yar Arewa da aka kama a Saudiyya a watan Disamba na 2018 ba, saboda wata jaka mai ƙwayar Tramadol da aka liƙa wa sunanta tun daga filin jirgin sama, alhali ba tata ba ce. Sai a ƙarshen Afrilu na 2019 aka sake ta, bayan bincike ya gano masu hannu a ciki. Ita ba ta ma karɓi saƙon kowa ba ke nan, ina ga wadda ta karɓa da hannunta? Ki ƙirga jakunkunanku, ki san adadin da aka rubuta da sunanki. Maganin da likita ya ɗora ki a kai kuma ki tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar asibiti.

Maganar salla da tsarki a tambayi malami kafin a tashi, a san hukuncin kasaru da haɗa salloli, a tafi da 'yar ƙaramar buta ko gora. Mai zuwa Turai da zafinsu ta sani rana ba ta faɗuwa a Faris ko Landan cikin watan Yuni sai bayan ƙarfe tara na dare, kada ta duba agogo ta ce magariba ta yi. Mai juna biyu kuwa ta fara zuwa awo ta gaya wa ma'aikaciyar asibiti tsawon tafiyar, ta ji abin da za ta ce.

Ba zan ɓoye miki batun tsaro ba. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka tare jirgin Abuja zuwa Kaduna da dare, suka kashe mutane, suka tafi da fiye da 60 cikin daji, har da mata da yara da tsofaffi. Na ƙarshensu 23 sai a watan Oktoba na shekarar suka fito. A cikin waɗanda aka kama akwai 'yan gida ɗaya, miji da mata da 'ya'ya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye na gaba. Hanyar mota ma ba ta tsira daga irin wannan ba, don haka ba cewa nake a ƙaurace wa jirgi ba. Amma in uba da uwa za su hau abin hawa ɗaya, wajibi ne wani babba a gida ya san jirgin da suka shiga da lokacin da ya kamata su sauka, ya san bashin da ake binsu da wanda suke bi, ya san inda takardun gona suke. Mutanenmu ba su son wannan magana, wai kamar kiran mutuwa ne. Rubuta bashi bai taɓa kashe kowa ba.

Na san abin da wasu mazan za su ce in an karanta musu wannan shafi: "Ni ne namiji, ni zan riƙe komai, ko raina ni aka yi?" Ba raini a ciki, Malam. Kai ne shugaban tafiya, ba mai ƙwace maka. Amma direban kirki ma yana tafiya da safayar taya. Ke kuma kada ki tayar da maganar a gaban mutane ko a bakin tasha. Ki bari sai dare ya yi, ya ci ya ƙoshi, ki ce, "Malam, in Allah ya kawo tsautsayi muka rabu a hanya, yaya zan yi?" Mai hankali zai yi shiru ya yi tunani.

Surukai kuma za su ce yawon banza ne, me mace za ta je yi? Ni dai ina ganin alheri a cikinsa. A gidajenmu na karkara miji da mata na iya shekara ashirin ba su taɓa zama awa uku su biyu suna hira ba. Shi yana gona ko kasuwa ko zaure, ita tana madafa, da dare kowa ya gaji. A cikin tarago kujerarsu na jere, ba yaro mai kuka, ba mai sallama a ƙofa, sai taga da garuruwa na wucewa. Maganar auren Binta da aka yi ta ɗagawa, da ta gyaran soro, da ta abin da ya daɗe yana ci mata rai, duk za su sami wuri.

Game da hanyar Maraɗi kuwa, da yawanmu muna da dangi a can, kuma ranar da aka ce yau ga jirgi daga Dambatta, mata ne za su fi cika shi, masu zuwa biki da suna da gaisuwar rasuwa. Sai dai a tuna Nijar wata ƙasa ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024, a watan Janairu na 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. Saboda haka takardar da ta shigar da yayarki shekarun baya, a sake tambaya ko tana aiki kafin a sayi tikiti, a kuma canji sefa tun daga Kano. Wadda kuma hanyar dogo ta ratsa gonar gadonta, ta tambayi 'yan'uwanta maza da sunan wa aka rubuta diyyar, ta nemi a nuna mata takardar da idonta.